Rawar Hajiya a Fuskar Kwamfuta Biyu

Sana'ata ɗaukar bidiyon bukin mata ce, kuma ban same ta don na fi kowa iya riƙe kyamara ba. Na same ta ne don ni mace ce. A Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da ita akwai gidajen da namiji mai kyamara iyakarsa zaure. Ya ɗauki ɗaurin aure, ya ɗauki maza suna musabaha, ya naɗe kayansa ya tafi. Abin da ake yi a cikin gida kuwa, ranar kamu da ranar wuni, lokacin da mata suka ja ƙyaure suka ajiye mayafai suka kifa ƙwarya a ruwa, wannan ba na idon namiji ba ne. Nan ne ni nake shiga.

Sharaɗin aikin ɗaya ne, kuma kowace uwar amarya sai ta maimaita mani shi kamar ban taɓa ji ba: kada namiji ya gani. Ni zan ɗauka, ni zan tace, ni zan kai da hannuna in miƙa wa mai shi, sannan in goge abin da ya rage a wajena. Ko maigidana ya san in na sa sakata a ɗakin aiki, to ruwan wankansa ma sai ya nema da kansa. Yakan tsokane ni ya ce na fi masu gadin banki tsanani. Nakan ce masa ai su ba a rawa a gabansu.

Kwamfutar da nake aiki da ita Yayana ne ya haɗa mani, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shago a Dutsin-Ma inda yake gyara kwamfuta da sayar da kayanta, yawancin masu zuwa wajensa kuma ɗalibai ne. Duk abin da na iya a wannan harka shi ya koya mani, ba zan hana shi wannan ba. Shi ya fara nuna mani abin da ake kira katin hoto, wani faffaɗan abu mai fanka a jikinsa da ake sokawa cikin kwamfuta, wanda ke ɗaukar nauyin duk abin da ke motsi a fuskarta. Nawa tsoho ne, na hannu, ya sha duniya kafin ya iso Kurfi.

Na san halin katin nan kamar yadda na san halin murhuna. In na gama tace bidiyo na ce masa ya fitar da aikin, fankarsa za ta fara gurnani, ni kuma in tashi in ɗora wake. Sai waken ya nuna, an ci, an wanke tukunya, in leƙo in tarar yana nan yana jan ƙafa. Babban abin da yake tsoro shi ne leshi mai duwatsu. Da zarar mata sun taru suna juyi, riguna suna ƙyalli, sai hoton ya riƙa tsayawa yana tsalle, hannun mace yana sama sai ka gan shi a ƙugu ba ka ga saukowarsa ba. Na zage shi ba adadi. Amma ba ya cin wuta, 'yar solata tana ɗaukarsa har la'asar, kuma duk jinkirinsa aikin yana fita daga ƙarshe.

Matsala ta fara ne da na sauya kyamara. Sabuwar tana ɗaukar hoto mai nauyi, irin wanda ake ganin zaren atamfa a ciki, kuma aikin farko da na yi da ita shi ne bukin autar wata Hajiya a Rawayau.

Hajiyar nan matar wani dattijon malami ce. Ita ke karantar da matan unguwarsu, ita ake kira in an yi rasuwar mace, ita ke sasanta ma'aurata. Ba a jin ɗagawar muryarta. A wunin bukin ta zauna a gefe kan darduma tana karɓar gaisuwa, har zuwa lokacin da tsofaffin ƙawayenta suka karɓe kiɗan ƙwarya daga hannun yara suka sako wata tsohuwar waƙa ta zamaninsu. Na ga ƙafarta ta fara motsi. Ɗaya daga cikinsu ta jawo hannunta, ta ƙi, aka sake ja, sai ga Hajiya a tsakiyar fili. Wallahi ta iya. Ta duƙa, ta juya, ɗankwalinta ya zame ya faɗi, furfura ta bayyana, ba ta ko waiwaye shi ba. Tana dariya har da hawaye, amarya na kuka tana tafi, gidan duka ya ɗauki guɗa.

Da aka lafa ta zo inda nake ta riƙe mani hannu, tana haki.

"Kin ɗauka?"

Na ce na ɗauka, amma in tana so zan yanke wajen.

Ta ce, "A'a, bar shi. Ɗiyata Maraɗi za a kai ta. In ta ji kewa ta riƙa ganin uwarta tana dariya. Amma daga ni sai ita, kin ji ko?"

Na ce na ji, Hajiya.

Tsohon katina ya ga wannan aiki ya ce ba da shi ba. Ina taɓa wajen rawar sai hoton ya daskare. In na matsa masa ya fitar, fanka ta yi kuka, ɗaki ya ɗauki warin roba mai zafi, kwamfutar ta mutu ɗif. Na buɗe ta na kakkaɓe ƙura, na jawo fankar ɗaki na saita ta a kai, na jira sanyin safiya, duk a banza. Ga shi an kusa tafiya da amarya. Na naɗe kwamfutar da zane, na ɗora a cinya cikin motar haya, na nufi Dutsin-Ma.

Yaya ya buɗe ta ya yi dariya. "Auta, har yanzu wannan kakan naki kike wahalarwa? Ai wannan ya isa a yi mashi ritaya."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya nuna mani sabon kati da ya shigo da su, mai fanka uku, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya. Ya ce abin da nawa ke yi a wuni wannan zai yi kafin in sha ruwa. Ya ce matsalarsa ɗaya, mutane na ganin tsadarsa, suna cewa tsohon ma ai yana yi, ya rasa yadda zai nuna masu bambancin da idonsu. Na ce ni dai ba sabon kati ya kawo ni ba, ya lallaɓa mani tsohon ya fitar da aikin nan ɗaya. Ya ce in bar kwamfutar zai duba, zai sauya man da ke sanyaya katin, in dawo bayan kwana kaɗan.

Na ce to bari in cire faifan ajiya, don aikin mutane na ciki.

Ya ce, "In kin cire, da mi zan gwada? Ba kin ce sai a wanga aikin take mutuwa ba? Ciwon da ba ya tashi a gaban likita ta yaya za a yi maganinshi?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na tsaya. Na ce masa bukin mata ne, na gidan malamai, kuma na yi alkawari. Na ce in ya zama dole ya kunna, ya kashe fuskar kwamfutar ya saurari fanka kawai, ko ya juya ta bango. Na ce, "Yaya, don Allah."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni ne fa. Ni kike ma wanga dogon bayani?"

Na ji kunya har na ba shi haƙuri. Na hau mota na koma Kurfi hankalina kwance.

Ban kai ranar da ya ce ba, don uwar amarya ta aiko a tambaya. Da hantsi na sauka a Dutsin-Ma, na tako zuwa shagon. Tun daga bakin titi na ga mutane sun cika ƙofar, samari, wasu da jakunkunan makaranta, wasu 'yan acaɓa da suka jingine babura. Na ɗauka ƙwallo ake kallo. Sai na ji kiɗan ƙwarya.

Na kutsa. Yaya ya jawo tebur har bakin ƙofa ya jera kwamfuta biyu. Ta hagu tawa ce, na gane ta da ɗigon jan farce da na taɓa yi mata a gefe. Ta dama tasa ce, ya cire murfinta don a ga sabon katin yana walƙiya. A fuskar kowace, Hajiya ce ke rawa.

Yana tsaye a tsakiya da biro a hannu yana nunawa. "Ku dubi ta hagu, tsohon kati. Kun ga yadda take tsayawa? Kun ga hannun ya ɓace? To ku dubi ta dama. Aiki ɗaya ne, ban sauya komai ba." Ya mayar da hoton baya, daidai inda ɗankwalin ke zamewa, ya sake saki. A hagu ɗankwalin yana kai, sai kawai aka gan shi a ƙasa. A dama kuwa ya sauko a hankali, yana lilo, har ya taɓa ƙasa. Wani ya ce kai, bambanci a fili. Yaya ya tsayar da hoton, ya jawo fuskarta kusa har ta cika allon. "Ku ƙirga furfurar in kuna so. Wancan zai iya nuna maku haka ba tare da ya mutu ba?"

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce tsohuwar nan fa ta iya taka rawa.

Abin da ke ƙona mani rai har yau shi ne, na tsaya na kalla. Na ɗan lokaci ne, amma na kalla. Ban taɓa ganin aikin hannuna da kyau irin haka ba. Kowane dutse na leshin ƙawayenta yana ƙyalli daban, ruwan da ke tsalle daga ƙarƙashin ƙwarya ana ganin ɗigonsa. Sabon katin ya fi tsohon, nesa ba kusa ba. Duk abin da Yaya ya faɗa a kansa gaskiya ne.

Na zagaya bayan teburin na fizge wayar wuta daga bango. Fuskokin biyu suka yi baƙi. Na juyo na ce wa samarin, "Kallo ya ƙare. Wanda ke da uwa a gida ya je ya kalli tashi." Suka watse suna ƙunƙuni.

Yaya ya ja ni cikin shagon, ransa a ɓace, wai na kunyata shi a gaban masu saye. Shi ne ma mai fushi. Na tambaye shi yaushe ya fara. Ya ce tun washegarin ranar da na kawo. Na ce ta yaya aikin ya shiga kwamfutarsa. Ya ce kwafa ya yi, don in za a gwada kati biyu dole a ba su aiki iri ɗaya, in ba haka ba gwajin banza ne. Ya ce ya gwada da bidiyoyin da yake saukowa daga intanet, mutane suka ce ai waɗannan na Turawa ne, an riga an gyara su. Nawa kuwa ɗanye ne, mai nauyi, ga ƙyalli ga motsi ga inuwa, bai taɓa samun abin gwaji irinsa ba. Yana faɗa yana yaba mani, kamar in yi godiya.

Na ce, "Matar malam ce, Yaya. Kanta a buɗe."

Ya ce, "Wa ke kallon matar? Gudun kati ake kallo. Kuma wa ya san ta a nan? Tsohuwa ce fa, ba budurwa ba."

Na ce na roƙe shi da Allah.

Ya ce, "Ke matsalarki kin cika ɗaukar abu da zafi."

Na tsaya a kansa har ya goge kwafin a gabana, na sa ya buɗe kwandon shara na kwamfutar ya goge a can ma. Ina naɗe tawa da zane sai na ga yana kauce wa idona yana latsa waya. Na ce ya ba ni. Ya ƙi. Na ce wallahi in bai ba ni ba zan tsaya a bakin titi in tara masa mutanen da suka fi na ɗazu. Ashe ya ɗauki fuskokin biyu da wayarsa, gefe da gefe, ya ɗora a shafinsa na talla, ya rubuta tsoho da sabo. Ya cire a gabana. Amma ni da shi duk mun san abin da ya kwana a waya ya riga ya shiga wasu wayoyin. 'Yan acaɓan da ke tsayawa a ƙofarsa kuma su ne masu kai mutane Kurfi da Rawayau kullum.

A mota na yi kuka, ba na ɓoyewa. Ba don aikin ba. Mutumin da ya goya ni zuwa makarantar allo, wanda ya taɓa dukan wani yaro don ya ja mani hijabi, shi ne ranar da na roƙe shi ya kalli idona ya ce, "Ni ne fa."

Gyaran da ya yi wa tsohon katin ya yi aiki, wannan ma ba zan hana shi ba. Ya ja ƙafa kamar kullum, ya yi gurnani, amma bai mutu ba, aikin ya fita. Na kwafe shi a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, na hau babur zuwa Rawayau. A hanya ina ta shirya yadda zan fara maganar.

Ban buƙaci farawa ba. Hajiya ta amsa sallamata daga cikin ɗaki, ta sa aka shimfiɗa mani tabarma, aka kawo ruwa. Tana sanye da hijabi har ƙasa, a cikin ɗakinta, da rana tsaka, ba kowa sai ni. Muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara. Na ajiye filas ɗin a gabanta, ba ta taɓa shi ba.

Ta ce wani ɗalibin Malam ne ya gani a wayar abokinsa, ya rasa yadda zai yi, ya gaya wa matarsa, matar ta zo ta gaya mata. Ta ce Malam bai ce mata komai ba, ko kalma ɗaya, kuma da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Ta ce ta aika wa matan da take karantarwa su huta tukuna.

Na ce, "Hajiya, kwamfutar ce ta lalace. Na kai gyara wajen yayana, na roƙe shi, ya yi mani alkawari. Shi ya yi wannan, ba ni ba."

Ta ce, "Na yarda, ɗiyata. Amma ni ban san yayanki ba. Hannunki na riƙe."

Ta tura filas ɗin da yatsa ya dawo gabana, ta ce in yanke wajen rawar in kawo sauran. Na ce ai don amarya aka bar shi. Ta ce amarya ta riga ta gani, a wayar ƙanin ango.

A gida kuma wani sabon ciwon ya same ni. Inna ta kira ni ta ce ta ji abin da ya faru, bai kyauta ba, amma yayana ne, kuma ni ma na yi masa rashin kunya a gaban mutane. Ta jawo kwali daga bayan gado ta ajiye a gabana. Sabon katin ne, mai fanka uku. Wai ya aiko a ba ni kyauta, a wuce wajen. Bai zo ba, bai kira ba, bai tambayi sunan matar ba balle ya je ya duƙa a gaban mijinta. Na ce wa Inna ta mayar masa. Ta ce ba za ta zama 'yar aike tsakanin 'ya'yanta ba. Kwalin ya zauna a saman sif ɗina wata da watanni, ina ganinsa ina tsaki.

Muna gaisawa da Yaya yanzu, a suna da ta'aziyya. Yakan ce Auta har yanzu fushi ake? Nakan ce lafiya lau. Na ji an ce katunan nan duk ya sayar da su a makon da abin ya faru, har ya sake sarowa.

Tsohon katin ya mutu gaba ɗaya da damina, ana saura kwana kaɗan wani buki a cikin Kurfi da aka riga aka yi magana da ni tun kafin wannan abu. Ba yadda zan yi. Na sauko da kwalin, na soka sabon da hannuna. Yana cin wuta kamar me, solata ba ta ɗaukarsa sai rana ta take, amma yana yi.

Na yi zaton za su aiko su ce sun fasa. Ba su fasa ba. Uwar amarya ta tarbe ni da fara'a, aka ba ni abinci, aka nuna mani inda zan tsaya. Ba wadda ta yi mani maganar Rawayau. Ba wadda ta maimaita mani sharaɗin ma. Aka ja ƙyaure, aka kifa ƙwarya a ruwa, kiɗa ya tashi. Na ɗaga kyamara. Sai na ga matar da ke kusa da ni ta jawo mayafinta ta rufe kafaɗa. Ta gefenta ta gyara ɗankwali ta ɗaure shi tam. Wata budurwa ta miƙe za ta shiga fili, gwaggonta ta riƙo bakin zanenta ta zaunar da ita. Masu kiɗa suka sauya waƙa, suka sake sauyawa, suka kira sunan uwar amarya suna yi mata kirari. Ta yi murmushi daga inda take zaune, ta miƙa masu kuɗin liƙi ta hannun wata.

Har aka kira la'asar ba wadda ta taka rawa. Na ce bari in fita waje in sauya batir, ko da yake bai ƙare ba. Ina tsaye a zaure da kyamarar a rataye a wuyana, na ji guɗa ta tashi a cikin gida, na ji ƙafafu suna dukan ƙasa.